Man Kaɗe a Bradford

Shida saura kwata, gari bai waye ba,
ina tsaye a tashar bas,
hannuwa cikin aljihu kamar wadda ta saci goro.
Sanyin Janairu ba ya sallama,
yatsu yake nema, ya fara da ƙaramin.

A gidan tsofaffin da nake aiki
wankin hannu ya fi alwalar liman yawa.
Kafin in taɓa mutum, wanki.
In na gama da shi, wanki.
Ga ruwan nan mai warin asibiti a bakin kowace ƙofa,
ki matsa, ki murza,
ya bi kowace tsaga yana cizo.
Wata Laraba na ce bari in ƙirga,
na kai arba'in da uku, lissafi ya ɓace.

Bayan hannuna ya yi furu-furu,
gaɓoɓi suka dare kamar ƙasan tafki da rani.
Ko lemon tsami na yanka sai na ce wash.

Misis Holroyd ce ta fara lura,
tsohuwar ɗaki na tara,
wadda ta yi shekara talatin da ɗaya a masaƙar ulu.
Ina ɓalla mata maɓallin riga
ta cafke wuyan hannuna,
ta juya shi kamar mai duba yadi a kasuwa.
Ta ce, “Yarinya, ruwanki ya cika zafi.
Ɗumi-ɗumi ya isa.
Ki daina gogewa kamar mai kankare tukunya,
dangwala tawul kawai, har tsakanin yatsu,
ki shafa mai tun da sauran danshi.”
Ta miƙo mini nata in gani:
yatsu sun karkace kamar saiwar citta,
fatar kuwa, wallahi, auduga.

Da dare na kira Gwaggo Tabawa a Gumel.
Ta yi ta dariya har waya ta yanke, na sake kira.
“Wato sai da kika tsallake teku
Baturiya ta gaya miki abin da nake faɗa tun kina goye?
Ina man kaɗen da na cusa miki a akwati?”
Yana nan a gwangwanin madara,
bayan takalman bikin da ban taɓa sawa ba.
Ya daskare, ya yi fushi.

Yanzu in na dawo sai in zare zobe,
in lakato kaɗan, in riƙe a tafi
har ya huce, ya narke.
In bi yatsu ɗaya bayan ɗaya,
babban ya fi kowa ƙorafi.
Fatar da ke tashi a gefen farce
na daina cizge ta da haƙori,
na sayi ɗan almakashi na fam ɗaya.
Kwanuka ba sa ganina sai da safar roba.
Lokacin barci kuma farar safa ta auduga,
har Grażyna da muke haya tare
take cewa na zama mai ba da hannu a titi.
Ta yi ta tsiya mako biyu,
ran nan na kama ta da yatsa a gwangwanina.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
A nan babu jinka,
sai tsohuwar da za a ɗaga daga gado,
ita ma sai da biyu, lafiyayyu.

Jiya na ɗiba mata a murfin kwalba.
Ta sansana ta ce yana warin hayaƙi,
ta ce haka ulu yake bar musu maiƙo a hannu
a zamanin da masaƙa ke da rai.
Na shafa mata, na bi kowane karkataccen yatsa,
ba ta ƙarasa labarin ba barci ya ɗauke ta.

Ƙararrawar ɗaki na huɗu tana kira.
Ba ta saki hannuna ba.
Na ƙara mata minti ɗaya,
sannan na zare a hankali
na nufi famfo.